Babi na Bakwai: Ɗaukar Hoto a Cikin Hubbare

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 1817, shekara biyu bayan ya taso daga Sifawa, aka binne shi a cikin gidansa. Gidan nan ne ya zama Hubbare. A lokacin ba a san ɗaukar hoto ba ko'ina a duniya, sai a 1839 aka bayyana dabarar ga jama'a a Faransa. Don haka duk hoton da ka gani yana yawo a Facebook ko a bangon wani littafi an ce Shehu ne, ko dai zanen mai hasashe ne, ko kuwa wani dattijo ne aka laƙaba wa suna. Ɗakin kabarinsa ma haka: babu mai hotonsa yadda yake a shekarun farko. Matafiya irin su Clapperton da ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya sake dawowa a 1826, da Barth da ya biyo a 1853, alƙalami da takarda kawai suka riƙo.

Ginin da maziyarci ke gani yau an sha gyara shi. Siminti da fenti da lantarki sun shiga inda a da ƙasa ce da azara. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin Hubbare ba kango ba ne. Ana ziyartarsa kullum daga kusa da nesa, kuma ana ci gaba da rufe mutane a cikinsa. Nana Asma'u tana nan kusa da mahaifinta tun 1864. Nan aka kai Sarkin Musulmi Abubakar na III a 1988, da Muhammadu Maccido bayan haɗarin jirgin sama na 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016. Wurin da ƙafa ba ta ɗaukewa dole a gyara shi. Sai dai kowane gyara yana binne wanda ya riga shi, kuma da zarar magini ya shafe bango, abin da ke ƙarƙashi ya tafi ke nan, sai fa in wani ya ɗauki hotonsa kafin a taɓa. Wannan ne ya sa nake ɗaukar mai kyamara a irin wannan wuri a matsayin mai ba da shaida, kuma hukuncin mai shaida ne ke kansa: ya faɗi abin da ya gani, kada ya rage, kada ya ƙara.

Kafin mutum ya ɗaga kyamara, ya kamata ya san yadda tsohon gini ke lalacewa a ƙasar Sakkwato, in ba haka ba zai ɗauki abin da ya burge shi ya bar abin da ke da muhimmanci. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, bango ya buɗe da rana ya tsuke da dare. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ya sauko da ƙarfi da iska. Ginin ƙasa yana jure wannan muddin ana yi masa yaɓe a kan kari, ana shafa masa makuba ko laso, ana kuma share indararo. In indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, sai ya nemi hanya ta inda kan azara ya shiga bango. Azarar giginya tana da juriya, gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba, amma kanta da ke cikin laima yana ruɓewa a hankali, asabarin da ke bisanta kuwa abincin gara ne. Wata matsalar ta zamani ce. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti, ruwan da ya sami 'yar kafa ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai tubali ya jiƙe ya yi laushi a ciki alhali fuskar bango tana sumul. Alamominsa ƙanana ne: fenti ya kumbura, wani fari-fari kamar kanwa ya fito a gindin bango, in ka ƙwanƙwasa ka ji amo irin na wofi. Waɗannan su ne abubuwan da ba su da kyan gani a hoto, kuma su ne injiniya ko Sarkin Magina zai fara nema.

Wanda yake ganin tsaga a bango ƙaramin abu ce, ya tuna da Zariya. Masallacin Juma'a na can, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ne abin da masana gine-gine suka fi nunawa idan ana maganar gwanintar maginan Hausa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar wani sashensa ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa 'yan jarida cewa an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya faru. Shekara guda bayan haka, a Satumban 2024, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa, mutane suna kallo suna ɗauka da waya. Abin da ya rage mana na ainihin siffar masallacin Zariya, kafin a kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970, yawancinsa aikin mutanen da suka zauna suka auna suka ɗauki hoto ne, musamman Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Polan, da mataimakansa 'yan Najeriya. Da awonsu aka gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i uku bai fito ba sai 1990, bayan rasuwarsa. Hotunansa baƙi da fari ne, ba ado, amma magini zai iya aiki da su.

To, a Hubbare aiki yana farawa ne daga bakin ƙofa. Ka cire takalmi, ka yi sallama, ka gai da dattawan da ke kula da wurin gaisuwa cikakkiya, kyamara tana cikin jaka. Sai an gama tambayar gida da gajiya sannan ka ce, "Allah shi gafarta Malam, ziyara munka zo, kuma akwai alfarmar da muka roƙo." Ka faɗi ko kai wane ne, wa ya aiko ka, me za a yi da hoton. Inda aka ce a ɗauka, ka ɗauka. Inda aka ce a'a, magana ta ƙare, kuma kada ka saci hoto da waya a ɓoye, domin wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ga duk mai zuwa bayansa. Aikin da zai ɗauki kwanaki, da kayan aiki masu yawa, izininsa daga fadar Sarkin Musulmi ya kamata ya fito. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, sun yi saɓani a kan gini a bisa kabari, kuma cikin masu ziyara akwai mabiya kowane ra'ayi. Ba aikin mai kyamara ba ne ya raba wannan gardama, amma wajibinsa ne ya sani cewa tsohuwar da ta taso daga ƙauye ta zo ta yi addu'a, kamar yadda mata 'yan taru suka saba tun zamanin Nana Asma'u, ba ta zo don ta fito a hoton kowa ba. Ka jira ta gama ta fita.

Babbar wahalar hoton cikin ɗaki ita ce haske. Rana a waje tana ƙuna, ciki kuwa duhu ne mai sanyi. Idon mutum yana daidaita kansa cikin ƙiftawa, ya ga bakin ƙofa ya kuma ga lungu. Kyamara ba ta iya haɗa su a ɗauka guda: in ta bi hasken ƙofa, lungu ya zama baƙi ƙirin, in ta bi lungu, ƙofa ta zama farin fili babu komai. Mai gaggawa sai ya kunna fitilar kyamara, wadda ke dukan bango gaba da gaba ta shafe duk wani tudu da kwari, ga kuma walƙiyarta a idon masu addu'a. Abin da ya fi shi ne a ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a bar idonta a buɗe na daƙiƙa biyu ko biyar ko goma tana shan hasken da ke akwai. Ko taɓa maɓalli yana girgiza ta, saboda haka a sa ta ɗauka da kanta bayan an janye hannu. Daga wuri guda, ba tare da an motsa ba, a ɗauki uku ko biyar, daga mai duhu zuwa mai haske, a haɗa su daga baya. Sassafe ya fi tsakar rana. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske ƙwarai, amma ƙurar tana shiga cikin kyamara, don haka kada a canza gilashi a fili.

Launi ma yana yaudara. Wani ƙwan lantarki haskensa rawaya ne, wani yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, na rana kuma daban, ga su duka a ɗaki ɗaya. Farin bango sai ya fito kala uku. Maganinsa ɗan kati mai launin toka da za a jingina a bango a ɗauka tare da shi a hoton farko, daga baya a daidaita sauran da shi.

Tsaga da kumburin yaɓe da hanyar gara kuwa, da tocila ake kama su. A kashe sauran fitilu in an yarda, a manna tocilar a jikin bango daga gefe, hasken ya bi fuskar bangon a kwance. Nan take abin da ido bai gani ba zai yi inuwa ya fito. Amma wannan hasken yana da nasa zugugun, yakan mai da 'yar ƙaramar tsaga ta zama kamar rami, shi ya sa ake ɗaukar wuri ɗaya sau biyu, da hasken gaba da na gefe, a ajiye su tare. Kuma a sa rula a gefen tsagar. Hoton tsaga ba tare da ma'auni ba bai gaya wa kowa ko zare ce ke shiga ko hannu. Maginan Sakkwato sun daɗe da sanin darajar awo: Clapperton ya rubuta cewa a 1824 ya tarar ana gina masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, shugaban maginan mutumin Zazzau ne wanda mahaifinsa ya je Masar ya bar masa takardun gini, kuma abin da ya fi kwaɗayin samu daga baƙon shi ne rular awo.

Kada a manta da sama. A ginin Hausa dukiyar tana bisa kai, a bakan gizo da ɗaurin guga da jerin azara da aka shirya kamar saƙa. A tsofaffin zaurukan da suka rage a unguwannin da ke kewaye da Hubbare da Masallacin Shehu, wannan ne ya fi saurin ɓacewa, domin da rufi ya fara yoyo sai a sauke shi a buga kwano. A kwantar da kyamara a tabarma tana kallon sama, a ɗauka sashe-sashe, kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da fiye da rabi. Da irin waɗannan hotuna masu hawa kan juna akwai manhajojin da ke iya fitar da siffar ɗaki gaba ɗaya a kwamfuta, har a auna ta.

Yanzu mu zo kan tacewa, inda amana ta fi shiga haɗari, domin a nan mutum shi kaɗai ne da kwamfutarsa. Ba na cikin masu cewa kada a taɓa hoto sam. Kyamara ba ta gani kamar ido, kuma akwai kurakuran da nata ne, ba na ginin ba. Gilashi mai faɗin gani yana lanƙwasa layin da yake miƙe. In aka ɗaga kan kyamara sama, ginshiƙai sukan karkata kamar za su haɗu. Wanda ya bar wannan bai gyara ba ya yi wa magini ƙazafi, ya nuna bango a karkace alhali a tsaye yake. Miƙe shi a Lightroom ko Photoshop gaskiya ce ake maidowa, da sharaɗin cewa in bangon da kansa ya jirkice, a bar shi da jirkicewarsa, kuma hanyar rabewa ita ce a rataya igiya da ɗan dutse a cikin ɗakin lokacin ɗauka, ita ce za ta nuna tsayuwar gaskiya. Buɗe duhun lungu har a ga abin da ido ya gani, daidaita launi da katin toka, haɗa hotunan nan uku ko biyar, cire ɗigon ƙurar da ke kan gilashi: duk waɗannan halas ne.

Abin da ba halas ba shi ne taɓa ginin. Goge tsaga, share tabon ruwa, cike inda fenti ya ɓare, cire wayar lantarki ko fanka ko agogon bango don wurin ya yi kama da na da. Wayar nan tarihi ce, ita ke gaya wa na gaba lokacin da wuta ta shiga da inda aka huda bango. Akwai kuma ƙaryar da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wadda matasa masu neman a yaba musu a Instagram suka fi faɗawa: a ƙara duhu, a tsananta inuwa, a mai da bango kamar wanda gobara ta ci, don wurin ya ba da tausayi ko tsoro. Mai ragewa da mai ƙarawa duk sun ɓata shaida. Sakkwato gari ne na masu kwafar littattafai, kuma ƙa'idarsu ta ishe mu. Malamin kirki in yana kwafa ya iso inda gara ta ci ko ruwa ya wanke tawada, ba ya ƙago kalma daga kansa ya cusa, sai ya bar gurbin fari, ya yi alama a gefe cewa haka ya tarar. In ya yi gyara, a gefen shafi yake yi inda kowa zai gani. Mai tace hoto ya yi haka: ya rubuta abin da ya yi wa kowane hoto, ya ajiye ɗanyen da kyamara ta fitar ba tare da an taɓa shi ba. Ko a wajen 'yan jarida haka dokar take. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda an ƙara ko an cire wani abu, kuma da ɗanyen hoton aka gane.

Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin, domin tana tacewa tun kafin ka gani. A wuri mai duhu takan ɗauki hotuna da yawa ta haɗa, ta goge abin da take zato datti ne, kuma siririyar tsaga tana cikin abin da take shafewa. Sababbin wayoyi masu ƙirƙirarriyar basira sun wuce nan: ka zagaye abu da yatsa ya ɓace, ta cike gurbin da bangon da ba a taɓa ginawa ba. Wanda waya kaɗai gare shi zai iya aiki mai amfani, amma ya kashe duk abin ƙawata hoto, ya nemi tsarin ɗanyen hoto in wayar tana da shi, ya jingina ta da wani abu, kuma kada ya tura ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya zubar da bayanan rana da lokaci. A tura shi a matsayin fayil.

Akwai wata hujja da na san za a kawo, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce mu mutane ne masu son rufin asiri, Hubbare kuwa makwancin Mujaddadi ne, ina amfanin nuna wa duniya tabon ruwa a bangonsa? Wanda ya faɗi haka ƙauna ce ta sa shi, kuma na yarda da rabin maganarsa. Ba kowane hoto ne na kasuwa ba. Hoton lalacewa ba don a watsa a intanet a ci mutuncin masu kula da wuri ake ɗaukarsa ba, mutanen da galibi suke yi don Allah da abin da ke hannunsu. Inda na rabu da shi shi ne a kan ma'anar rufin asirin. Ɓoye hoton daga idon 'yan gulma daban, goge tsagar daga cikin hoton daban. Na farko ladabi ne. Na biyu yana hana mai gyara ganin abin da zai gyara, ranar da aka buƙaci sanin ko tsagar bara ta ƙaru bana, sai a tarar an share amsar. In ana son hoto mai kyau na kalanda ko na bangon littafi, a zaɓi kusurwa mai kyau da haske mai kyau a ɗauka, wannan ba ƙarya ba ce. Sauran kuwa a miƙa su ga masu wurin.

Mutanen Tambutu sun ga ranar irin wannan ajiya. Bayan da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyan garin a 2012, maginan gargajiya na garin ne suka sake tayar da 14 daga cikinsu zuwa 2015 da taimakon UNESCO, kuma tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka riƙe a ka suna cikin abin da aka dogara da shi.

Saura ajiya, wadda a nan ne yawancin aikinmu ke mutuwa. Waya ta faɗa ruwa, memori ya lalace, mai hoton ya rasu 'ya'yansa ba su san abin da ke cikin kwamfutarsa ba. Kowane hoto a sa masa suna mai ma'ana: wuri, ɗaki, bangon gabas ko na yamma, rana da wata da shekara. A zana taswirar ɗakin ko da a takardar makaranta ce, a sa ɗigo inda mariƙin kyamara ya tsaya da tsayinsa daga ƙasa. A tambayi dattawan wurin yaushe aka yi wannan fenti, wa ya sa wancan tayil, a rubuta tare da hoton, domin su ne ke da abin da kyamara ba ta ɗauka. Kwafi ɗaya ga masu kula da Hubbare, a wanke shi a takarda don ba kowa ke buɗe kwamfuta ba. Sauran a kai inda aka kafa don ajiya: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sannan a dawo baɗi, a tsaya kan ɗigon nan, da gilashi iri ɗaya da rula iri ɗaya, a sake ɗauka. Watan Oktoba ya fi dacewa, ruwa ya ɗauke, tabon damina bai bushe ya ɓace ba, magina kuma ba su fara yaɓe ba tukuna.